Jiragen Saja Tanko

Television, Kaduna
Yuli, 1999

Zuwa ga ƙanena Samuel,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu, da fatan kana lafiya. Yaya Legas, yaya shagon gyaran kwamfuta? Mu nan da sauƙi. Diana tana makarantar nas a Kafanchan, ta ce in na rubuto in gaishe ka. Ni kuma gwiwar nan ce ke taɓa ni duk sanda hadari ya haɗu.

Kwamfutar da ka aiko ta iso ta hannun Sani direba, ko ƙwarzane babu. Samuel, ban san da wane baki zan gode maka ba. Kakarka da kakata 'yan wa da ƙani ne kawai, wani ma ba zai lissafa mu a dangi ba, amma kai ne ka tuna an sallame ni daga ofishin masaƙa, kuma yatsuna ba su manta tafireta ba. Yanzu takardun coci da katin biki duk a falona ake buga su. Allah ya saka maka da alheri.

Sai dai ba wannan kaɗai ya sa na ɗauki biro ba. Ka ji Baban Diana ya dawo daga yaƙin Saliyo wajen Ista. Jikinsa lafiya ƙalau ya dawo. Amma Saja Tankon da ka sani, mai tashin gida da waƙa tun kaji ba su sauko ba, ba shi aka dawo mini da shi ba. Wannan yana ɗaki, ya juya kujera yana kallon ƙofa. Daga “i” sai “a'a”. Ranar da aka rantsar da farar hula duk layinmu an fito ana shewa, ana cewa soja ya koma bariki. Nawa sojan ko labule bai ɗaga ba.

Yayansa Mamman ya zo daga ƙauye ya gan shi. Ya ce in har Kirsimeti bai warware ba, zai zo da mota a kai shi wurin wani mai magani a bayan dutse. Na san wurin nan, Samuel. Turu ake sa wa mutum a ƙafa, a bar shi a rana. Ni matarsa ce, amma ka san danginsu, in wa ya yi magana an gama. Ina jin tsoro ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba.

To ga abin mamakin. Ran Talata da rana aiki ya yanke mini, sai karambani ya sa na danna wani ɗan hoto a kwamfutar. Taswira ta fito, da 'yan mutane ƙanana kamar tururuwa. Na yi ta danne-dannena har na kafa wani abu kamar gari. Kawai sai na ji murya a bayana: “Wa ya ce miki ana kafa gari a nan? Ba ruwa, ba tudu.”

Saura kaɗan in faɗo daga kujera. Ban juya ba, don kada ya tsorata ya koma. Na ce, “To a ina ake kafawa, Oga?” Ya jawo kujera, ya karɓi ɓeran nan da ake turawa daga hannuna. Har tuwo ya huce yana wurin.

Mene ne wannan abu da ka bari a ciki? Ka yi mini bayani yadda zan gane, ka san ni da boko sai a hankali.

Yayarka,
Rhoda

*

Ikeja, Legas
Yuli, 1999

Anti Rhoda,

Na gaishe ki, na gaida Oga Saja. Na ji daɗin wasiƙarki, na kuma yi baƙin ciki da ita. Maleriya ta ɗan kayar da ni makon jiya, amma na miƙe. Ki riƙa shafa wa gwiwar man zafi.

Maganar godiya ki bar ta haka. Lokacin da nake karatu a Kaduna ba ni da kowa, a falonku na kwana har na gama. Oga Saja ne ya ɗauko katifarsa ta bariki ya shimfiɗa mini. Tsohuwar kwamfuta ce fa na aiko, ba gida na gina miki ba.

Abin da kika danna wasa ne, mantawa na yi ban goge ba, kuma yau na gode wa mantuwata. Wasan sarauta ne da yaƙi, amma ba na gaggawa ba. Kamar draf yake: ka yi naka motsin, ka tsaya, abokin karawarka ya yi nasa. Kowa da ƙasarsa, yana kafa garuruwa, yana noma, yana tara sojoji.

Mutum biyu na iya yin sa ko suna nesa. Ga faifai nan a cikin ambulan. Na shirya mana tsibiri biyu, teku a tsakani, na Oga Saja kore, nawa ja. Na riga na kafa wa kowa 'yan garuruwa don kada mu tsufa kafin a fara. Idan ya gama motsinsa sai a adana a faifan, na rubuta miki yadda ake yi a bayan takardar nan. Ki naɗe shi a leda ki kai wa Sani a garejin unguwarku ta Television, shi zai kawo mini, in yi nawa in mayar. Ki ja wa Sani kunne kada ya ajiye shi kusa da lasifika, yana goge abin da ke ciki.

Ba a cin wasan daga zaune. Dole mutum ya ƙera jiragen ruwa, ya loda sojoji, ya haye teku, ya kama babban birnin ɗan'uwansa. Ƙasar abokin gaba kuma a rufe take da baƙi, ba ka ganin komai sai inda mutanenka suka taka.

Ki gaya wa Oga Saja yaron nan da yake lallasawa a draf a gindin mangwaro ya girma. Ki ce na ce in tsufa ya kama shi ya faɗa, ba zan yi masa dariya sosai ba.

Batun Baba Mamman kuwa, kafin Kirsimeti akwai sauran tafiya. Kada ki karaya.

Ƙanenki,
Samuel

*

Television, Kaduna
Satumba, 1999

Samuel ƙanena,

Ina gaisuwa. Da fatan maleriyar ba ta dawo ba. Ruwa ya yi mana yawa bana, layinmu sai da takalmin roba, amma muna lafiya.

Ka yafe mini da nake aiko faifai ba wasiƙa, aikin katin biki ne ya taso. Yau dai na ce sai na zauna na gode maka da kyau. Ranar da na isar masa da saƙonka na tsufa, sai da gefen bakinsa ya motsa. Yanzu yana cin abinci, yana wanka ba sai na roƙa ba. Da ya ji ƙarar ƙofa sai ya ce, “Sani ya zo?” Rannan wuta ta ɗauke yana tsakiyar motsi, ya saki wata ashar irin ta bariki tun daga farkonta har ƙarshe. Ni da nake shugabar zumuntar mata, sai ga ni a kicin ina yi wa Allah godiya saboda ashar.

Ya raɗa wa garuruwansa suna. Babban birnin Diana ne. Akwai Zonkwa, akwai Kachia. Ni kuwa da na yi shekaru ina dafa masa tuwo, wani ɗan ƙauye aka sa wa sunana can gefen ruwa, inda ake kiwon awaki. Na yi ƙorafi, ya ce wurin yana da muhimmanci. Mun ji.

Amma har yanzu bai taka ƙofar gida ba, kuma in ba maganar wasan ba, ba ya wata magana. Ga kuma abin da ke damuna. Ya ƙera jirage har sun cika bakin ruwa, sojoji jere a gefensu, amma ko ɗaya bai loda ba. Sai ganuwa yake ta ginawa, ganuwa a bayan ganuwa. Na ce, “Baban Diana, ba za ka je ka gaida Samuel ba ne?” Ya ce, “Ba yanzu ba.”

Yaya Mamman ya aiko mai sayen citta ya tambaya ko an samu canji. Na ce an samu. Ya ce yana fita? Na ce tukuna.

Don haka ga roƙona. Na yi tunani, in mutumin nan ya ci nasara sau ɗaya, ko ta wasa ce, zai tuna shi wane ne. Ka bar masa, Samuel. Ka janye sojojinka daga bakin ruwa, ka sauƙaƙa masa hanya, yadda in ya leƙa zai ga ba abin tsoro. Kada dai ka bari ya gane. Ni na san yadda ake lallaɓa miji, kai dai ka yi abin da na ce.

Yayarka,
Rhoda

*

Ikeja, Legas
Oktoba, 1999

Anti Rhoda,

Gaisuwa da fatan alheri. Lafiyata ƙalau, aiki ne kawai ya yi yawa, kowa na tsoron wai kwamfutoci za su rikice in sabuwar shekara ta shigo.

Sai da na yi dariya har maigidana ya leƙo, da na karanta labarin ƙauyen awaki. Ki yi haƙuri, in na ci ƙasar zan ɗaga darajarki.

An gama abin da kika ce. Na kwashe kowa daga bakin teku, na tura su can ƙuryar tsibiri. Garin da ke bakin ruwa ko mai gadi ban bari ba. Ko akuya ya aiko za ta ci shi. Gaskiya ma ban yi asarar komai ba, don yadda Oga Saja ya tsara ƙasarsa, ni ban ga ta inda zan shige shi ba.

Ki sa ido, cikin 'yan kwanakin nan za ki ji shi yana waƙa.

Samuel

*

Ikeja, Legas
Ƙarshen Oktoba, 1999

Anti Rhoda,

Ina gaisuwa. Lafiya kuwa?

Sani ya zo ya koma, ya sake zuwa ya koma, ba faifai, ba wasiƙa. Na tare shi a gareji, ya ce rabonsa da ganinki tun ranar da ya ba ki saƙona na ƙarshe. Na ce ya leƙa gidan, ya ce ya je ya yi sallama, kika amsa daga ciki kika ce ba saƙo.

Anti, in wani abu na rubuta da ya ɓata miki rai, ki gafarce ni. Maganar akuya wasa nake yi, ba raina Oga Saja na yi ba. Ko ya ga wasiƙar ne? Na yi ta juya abin a raina. Wani zubin in ce fushi kuke da ni, wani zubin in ce ko Baba Mamman bai jira Kirsimetin ba. Wannan na biyun shi ke hana ni cin abinci.

Ko layi ɗaya ne ki rubuto. In kwamfutar ce ta lalace, wannan ba komai ba ne, sai in zo da kaina.

Ƙanenki,
Samuel

*

Television, Kaduna
Nuwamba, 1999

Samuel,

Na gaishe ka. Wasiƙunka biyu sun iso. Ba fushi nake da kai ba, kuma ba a tafi da shi ba tukuna. Hannuna ne ya kasa riƙe biro.

Dabarata ce ta juye mana. Ranar da faifanka ya zo, ina zaune a gefe ina tsince wake ina satar kallonsa. Ya ɗauki ƙaramin jirgi guda, ba kowa a ciki, ya tura shi leƙen asiri. Baƙin ya yaye, bakin tekunka ya fito fili. Ba soja, ba komai, gari a buɗe. Ni har na fara murna a raina. Sai na ga gumi na karyo masa. Ya tura kujera baya har ta faɗi, ya fizge wayar wuta daga bango, ya shige ɗaki ya sa sakata.

Kwana da kwanaki abinci yana dawowa yadda na kai shi. Na yi kuka har na gaji. Ran Lahadi ban je sujada ba, na zauna a ƙasa a bakin ƙofarsa. Da la'asar ya zare sakatar, ya zauna shi ma a ƙasa, bai kalle ni ba.

Ya ce, “Haka garin yake a Saliyo, Rhoda. Da jirgin ruwa aka kai mu, muka sauka da hantsi. Ba harbi, ko kare bai yi haushi ba. Tukwane a kan wuta, shanya a kan igiya, ba mutum. Isiyaku ya ce, Oga, shirun nan ya yi yawa. Na ce mu shiga. Ni na ce mu shiga.”

Ka tuna Isiyaku, kofur ɗin nan ɗan Unguwar Sanusi, mai kawo mana naman Sallah, mai cewa miyata ta fi ta bariki? Ashe 'yan tawaye suna ɓoye a cikin gidaje. Da yawa daga yaran Baban Diana ba su fito daga garin nan ba. Isiyaku a hannunsa ya cika. Tun Ista abin nan yake cikinsa, ban sani ba.

Sai na ce bari in kwantar masa da hankali. Na ce, “Baban Diana, wannan ba tarko ba ne. Ni na roƙi Samuel ya janye maka.” Samuel, da na sani da na haɗiye maganar nan. Ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Ya ce, “Ashe ke ma kallon mara lafiya kike yi mini. Ke da Yaya Mamman, turun ne kawai bambancinku.” Ya tashi ya koma ciki.

A makon ne kuma Yaya Mamman ya shigo gari sayar da citta, ya same shi a haka, gemu buzu-buzu, ko gaisuwa bai amsa ba. Ya ce magana ta ƙare, Asabar ɗin da ke kafin Kirsimeti zai zo da mota. Na durƙusa na roƙe shi, ya ce ni mace ce, tausayi ke rufe mini ido.

Kai ma da duk karatunka, da na kawo shawarar banza ba sai ka ce mini a'a ba? To, ban ga laifinka ba. Na gani kaɗan, amma nawa ya fi yawa. Kuma duk da haka ina gode maka, don ba don wasan nan ba, da har yau ban san abin da ke cin mijina ba.

Na lulluɓe kwamfutar da zane. Faifan yana nan, ba wanda ya taɓa shi. Ka sa mu a addu'a.

Rhoda

*

Ikeja, Legas
Nuwamba, 1999

Zuwa ga Oga Saja Tanko,

Ina gaisuwa da girmamawa. Ina fata jiki da sauƙi.

Anti ta gaya mini abin da ya faru. Allah ya ji ƙan Isiyaku, na san shi, ya taɓa rage mini hanya a babur ɗinsa. Ni kuma na yi maka abin da kai ba ka taɓa yi mini ba. Duk zaman da na yi a gidanka kana lallasa ni a draf, ko sau ɗaya ba ka bar mini ba, ko ranar da na faɗi jarrabawa. Ka gafarce ni. Ba zan sake ba.

Ga sabon faifai. Tunda ka ƙi motsawa, na ɗauki kwafin da ke wurina na tsallake ka, ban taɓa ko sojanka ɗaya ba. Bakin tekuna yanzu cike yake. Wasu za ka gan su, wasu ba za ka gani ba, kuma ba zan gaya maka inda suke ba.

Abu na biyu, jiragena sun taso. Suna kan ruwa yanzu haka, kuma ba gaisuwa za su kawo ba. In ka ga dama ka ci gaba da zama, ni dai zan sauka, kuma duk garin da na kama sai na canza masa suna.

Yaronka,
Samuel

Anti, na san ke za ki fara buɗewa. In kin ga ta yi zafi ki riƙe ta, ke kika san shi. Amma wannan karon ni nake roƙo: ki ba shi.

*

Television, Kaduna
Disamba, 1999

Ƙanena Samuel,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji mai jinƙai. Muna lafiya. Ka ji na ce muna, ban ce ina ba. Ka nemi wuri ka zauna, labarin da tsawo.

Wasiƙar nan taka da na karanta, na ce yaron nan ba shi da kunya. Na sa ta cikin Littafi Mai Tsarki na yi ta juyayi. Daga baya na ce lallaɓawata ai mun ga inda ta kai mu, na ɗora ta a kan tiren abinci tare da faifan, na tura masa. Washegari ina wanke-wanke sai na ji kukan kwamfuta. Ban leƙa ba. Da ya gama ya ajiye faifan a kan tebur, na ɗauka na kai gareji.

Ka san abin da ka yi a zagaye na gaba, ba sai na gaya maka ba. Ina kicin na ji ihu: “Rhoda! Rhoda! Yaron nan ya ci Rhoda!” Na fito da ludayi a hannu. Ga shi tsaye, ido jajir, yana nuna ƙauyen awakina ya koma ja. Na ce, “To Oga, haka za ka bar ni a hannunsa?” Ya ce, “In na bar ki a canza mini suna.” Ranar sai da ya nemi ƙarin tuwo. Ka dai ga yadda ya kora ka cikin ruwa.

Amma fita dai bai fita ba, kuma Asabar ɗin ta zo. Da safe na ce bari in kai wa wata amarya katinta a Mahuta in dawo kafin su iso, don in na zauna zuciyata za ta fashe. Ina dawowa na tarar da motar haya a ƙofar gida. Yaya Mamman da 'ya'yansa biyu majiya ƙarfi, ga igiya an naɗe a kujerar baya, wai don kada in gani an rufa mata buhu. Muka shiga tare. Ɗaki a buɗe, ba kowa.

Yaya Mamman ya ɗora hannu a ka. Ya ce, “Kin gani ko? Kin yi ta ja har ya shiga duniya.” Sai idona ya kai kan tebur, ba faifai. Na duba bayan ƙofa, ba takalminsa na fita. Na ce, “Yaya, mu je gareji.”

Samuel, yana can. A kan benci, kusa da motar Sani, ya yi aski, ya sa rigarsa mai ruwan ƙasa. Ashe Sani ya aiko cewa yau da wuri zai tashi, ni ba na nan, shi kuma ya riga ya loda sojojinsa suna tsakiyar teku, ba zai bar su su kwana a kan ruwa har wani mako ba. Mun same shi yana yi wa Sani faɗa a kan lasifika, direbobi sun kewaye su suna dariya.

Da ya hango yayansa ya miƙe, ya rusuna. Ya ce, “Yaya, sannu da zuwa. Yaya hanya? Yaya citta bana? An gyara rufin ɗakin Mama kuwa?” Yaya Mamman ya tsaya kamar an dasa shi. Ya ce, “Tanko, kai ne?” Ya ce, “Ni ne, Yaya. Ban warke duka ba, amma ni ne. Ba inda za ni.” Dattijon nan ya zauna a kan bencin ya rufe fuska da hularsa, a gaban 'yan kamasho da masu sayar da rake. Ni ma ban tsaya jin kunyar kowa ba.

Sun ci abinci a gida suka juya da yamma. Igiyar da ita aka ɗaure buhun shinkafar da muka aika wa Mama a saman mota.

Ba zan ce maka komai ya wuce ba. In murfin tukunya ya faɗi har yanzu yana zabura. Jiya ya bi ni sujada, amma a bencin ƙarshe ya zauna, kusa da ƙofa. Maganar da ya gaya mini ta turu ma bai janye ba, ni kuma ban ce ya janye ba, don da gaskiyarsa.

Samuel, na gode. Na gode da kwamfutar, na gode da mantuwarka, na gode da rashin kunyarka. Ka zo mana Kirsimeti, Diana ma za ta zo, katifarka tana nan. Ga wata takarda ya ce in sa a ambulan, ya liƙe ta da kansa, bai bar ni na gani ba.

Yayarka mai ƙaunarka,
Rhoda

*

Samuel,

Ina gaisuwa. Ina fata kana lafiya. Ni da sauƙi.

Ka duba faifai. Na sauka ta arewa, ba inda ka jera mini mutane ba. Waɗanda ka ɓoye a dajin bayan gari na san suna nan, don ni ma nan zan ɓoye su. Duk da haka na rasa mutane a bakin ruwa. Da suka ɓace daga allo na saki ɓeran. Na tashi na sha ruwa, na dawo na ƙarasa motsina.

Birninka bai faɗi ba tukuna. Kada ka sassauta.

Ban iya doguwar magana ba. Na gode.

Rhoda ta ce za ka zo Kirsimeti. Ka taho da rigar kirki, akwai inda za ka raka ni. Mahaifiyar Isiyaku tana Unguwar Sanusi. Tun da na dawo ban je na yi mata gaisuwa ba, kuma ni ne na ƙarshe da ya ji muryar ɗanta. Ya ba ni saƙo in kai mata. Da ƙafata zan shiga, kuma ni zan yi maganar. Kai dai ka tsaya a bayana, kada in juya.

Tanko